Daga ina Lakota, Dakota da Nakota suka fito, kuma korarsu aka yi zuwa yamma?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu kan 'yan asalin Amurka, sai na ci karo da bayanin cewa Lakota, Dakota da Nakota ƙabila ɗaya ce da ta rabu uku, asalinsu daga Carolina a gabashin Amurka, suka yi ƙaura zuwa Minnesota, daga nan Ojibwe suka fatattake su da bindiga, kuma ba su isa duwatsun Black Hills ba sai 1776. To amma su Lakota cewa suke yi a duwatsun nan aka halicce su. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka karanta ba ƙarya ba ce zalla. An dai kwaso labarai uku ne masu tazarar ɗaruruwan shekaru, wani ma dubbai, aka ɗinke su kamar tafiya ɗaya ce da mutane ɗaya suka yi. Tarihin harshen daban, tarihin yadda jama'ar ta dunƙule ta zama al'umma a Minnesota daban, bazuwar wani ɓangarenta zuwa yamma kuma daban, kowanne da irin hujjarsa. Amma sai mun gyara sunayen tukuna, domin tun daga nan bayanin ya fara karkacewa.

Su kansu suna kiran tarayyarsu Oceti Sakowin, wato murhu bakwai. Huɗu na gabas su ne Mdewakanton, Wahpekute, Wahpeton da Sisseton, waɗanda ake haɗawa a ce Isanti ko Santee. Biyu na tsakiya su ne Yankton da Yanktonai. Na bakwai shi ne Titonwan, ko Teton, su ne Lakota, waɗanda daga baya suka fi kowane murhu yawa nesa ba kusa ba, har su ma suka kasu bakwai: Oglala, Sicangu, Hunkpapa, Mnikowoju, Itazipco, Oohenunpa da Sihasapa. Sunan Sioux da aka fi sani, wanda ake furtawa Su, ba nasu ba ne. Faransawa ne suka gutsure shi daga sunan da maƙwabtansu Ojibwe da Odawa ke kiransu da shi, kuma ya fara bayyana a rubuce cikin rahoton limaman Jesuit na 1640.

Littattafai da yawa za su gaya maka Santee su ne Dakota, Yankton da Yanktonai su ne Nakota, Teton su ne Lakota. Rabon ya yi kyau a ido, amma na tsakiyan kuskure ne. A 1978 masu bincike Douglas Parks da Raymond DeMallie da abokan aikinsu suka bi garuruwan mutanen nan a Amurka da Kanada suna ɗaukar maganar dattawa, suka fitar da sakamakon a 1992. Abin da suka tarar shi ne Yankton da Yanktonai Dakota suke kiran kansu. Ella Deloria, wadda 'yar Yankton ce kuma ta yi aikin nahawun harshen tare da Franz Boas, ita ma Dakota take cewa. Masu cewa Nakota ko Nakoda tun asali su ne Assiniboine da Stoney, waɗanda ke Montana da Saskatchewan da Alberta a yau, kuma ba sa cikin murhu bakwai ɗin. Aboki a bakin Santee da Yankton koda ne, a bakin Lakota kola, a bakin Assiniboine kona. Abin da ya ruɗi marubutan farko, Yankton suna sa na a ƙarshen wasu kalmomi: yaro a wurin Santee hoksidan, a wurin Lakota hoksila, a wurin Yankton hoksina. Daga wannan aka yanke musu hukunci. Za ka samu 'yan Yankton a yau da suka rungumi sunan Nakota, tunda an yi shekara da shekaru ana kiransu da shi, wannan kuma haƙƙinsu ne. Amma mai bin sawun ƙaura dole ya san cewa Nakota na tarihi arewa suka yi, ba yamma ba.

To, Carolina. A 1870 wani masanin harshe, Horatio Hale, ya samu wani tsoho mai suna Nikonha a cikin Cayuga na Ontario a Kanada, yana jin harshen Tutelo, mutanen da asalinsu Virginia ne. Da Hale ya rubuta kalmomin ya duba, sai ya ga dangin harshen Dakota ne. Bayan haka aka gano Biloxi da Ofo a Louisiana su ma dangi ne, Catawba na Carolina kuma dangi na nesa. Sai James Mooney ya zo a 1894 ya ɗora a kai cewa asalin duk masu waɗannan harsuna gabas ne. Daga nan labarin Carolina ya samo tushe, ya yi ta yawo har ya iso gare ka.

Dangantakar gaskiya ce, babu mai musun ta. Gidan babba ne: Crow, Hidatsa, Mandan, Ho-Chunk, Iowa, Oto, Omaha, Ponca, Kansa, Osage, Quapaw, duk suna ciki. Amma dangantakar harshe ba sawun ƙafa ba ce. Hausa da Bolanci da Angas gida ɗaya suka fito, wannan bai sa a ce Hausawa daga Fika ko Pankshin suka taso ba. Abin da ya nuna kawai shi ne a can baya mai nisa akwai harshe ɗaya da ya haife su duka. Haka nan a nan. Masana sun fi karkata ga cewa uwar waɗannan harsuna an yi magana da ita ne a wajajen kwarin Ohio da tsakiyar Misisipi, kuma ta fara rarrabuwa shekaru dubbai da suka wuce. Kakannin Tutelo suka yi gabas, kakannin Crow da Mandan suka yi arewa maso yamma. A lokacin babu wani mahaluki mai suna Lakota, balle ya yi ƙaura.

Akwai wata dabara da masanin harshe Robert Rankin ya yi da ta burge ni ƙwarai, domin ta sa wa rabuwar lokaci ba tare da tono ko ɗaya ba. Ya bi sunayen amfanin gona. Kabewa ta riga masara zuwa yankin da daɗewa, kuma sunan kabewa iri ɗaya ne a rassan da ke kusa da Dakota, alamar tare suke ko kusa da juna lokacin da suka san ta. Masara kuwa kowane reshe da yadda ya raɗa mata suna. Lakota suna ce wa kabewa wagmu, masara kuma wagmeza, ka ga a kan sunan kabewa suka gina na masara. Omaha da Osage da 'yan'uwansu suna da nasu sunan na bai ɗaya. Ke nan kafin masara ta kankama a tsakiyar Amurka, wajen shekara ta 900 zuwa 1000, kakannin Dakota sun riga sun kama gabansu. Wannan ne ma ya sa nake ja da baya idan aka ce su ne suka gina Cahokia, babban birnin tuddai da ke kusa da St. Louis. Masu ƙwaƙƙwarar alaƙa da can su ne Osage da danginsu.

Inda ƙasa take da tauri a ƙarƙashin ƙafarmu shi ne Minnesota. Kimanin kilomita 160 arewa da Minneapolis akwai tafkin Mille Lacs, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 500. Dakota suna ce masa Bde Wakan, tafki mai tsarki, daga nan ne kuma sunan Mdewakanton ya fito. Elden Johnson na Jami'ar Minnesota da ɗalibansa sun tone kufai da dama a bakin tafkin da kogin Rum da ke fita daga cikinsa, suka ga zama ne a jere, wani bisa wani, har ya zo ya haɗu da kayan Faransawa a saman. Guy Gibbon, wanda ya tattara wannan bincike, yana ganin kakannin mutanen sun shigo dazuzzukan tsakiyar Minnesota gab da shekara ta 800, sannan wajen 1300 zaman ya sauya: 'yan ƙananan zango suka koma manyan ƙauyuka na dindindin, wasu da shingen itace kewaye da su. A ganinsa a nan ne tarayyar murhu bakwai ta samu siffarta. Tukwanen wannan zamani da ake kira Sandy Lake sun bazu daga Wisconsin har gabashin Dakota ta Arewa da kudancin Manitoba. Tsingaro ba ya magana, ba zai gaya maka harshen mai ginin tukunyar ba, amma yankin da ya bazu ya yi daidai da inda Faransawa suka tarar da Dakota da Assiniboine.

Abin da ya riƙe waɗannan ƙauyuka ba noma ba ne, wata shinkafar ruwa ce da suke kira psin. Ba jinsin shinkafar da muka sani ba ce, ciyawa ce mai tsawo da ke fitowa da kanta a tafkuna marasa zurfi, ƙwayarta doguwa baƙa. A ƙarshen Agusta zuwa Satumba mutum biyu ke shiga kwalekwale, ɗaya yana tura shi da gora, ɗaya riƙe da sanduna biyu, ya lanƙwaso zangarniya da ɗaya ya buga da ɗayar, ƙwayar ta zuba cikin jirgin. Wadda ta faɗa ruwa ita ce irin baɗi. Sai a shanya, a soya sama-sama a kan wuta, a zuba a rami da aka shimfiɗa wa fata, mutum ya shiga ya yi ta tattakawa har ƙaiƙayi ya saki, a sheƙe. Masu tono sun samu irin waɗannan ramuka birjik a bakin tafkunan. Hatsi ne da ke ajiyuwa har ya fitar da mutane hunturu mai dusar ƙanƙara, ga kifi, ga barewa, ga zaƙin da ake tatsa daga itace idan sanyi ya fara janyewa. Kuma tun a lokacin, masu zaune a gefen yamma da kudu suna fita filayen ciyawa farautar ɓauna su dawo. Riƙe wannan, zai yi mana amfani.

Dakota na gabas ba su da labarin zuwa daga Carolina. Abin da dattawansu ke faɗa shi ne daga taurari suka sauko, suka bayyana a Bdote, mahaɗar kogin Minnesota da Misisipi, wurin da suke ɗauka tsakiyar duniya. Wasu kuma Bde Wakan suke ambata. A kan wannan mahaɗa ce sojan Amurka suka gina Fort Snelling daga 1819, kuma a gindinta aka tsare Dakota wajen 1,600, yawanci mata da yara da tsofaffi, a hunturun 1862 zuwa 1863. Idan ka ji zafin da suke magana da shi kan wurin, dalilin ke nan.

Assiniboine kuwa, rahoton nan na 1640 ya riga ya ambace su a matsayin al'umma mai zaman kanta. Labarin baka yana cewa daga wani reshen Yanktonai mai suna Wazikute suka ɓalle bayan wata rigima, Dakota kuma suna ce musu Hohe. Sai dai nisan harshensu da na Yanktonai ya fi ƙarfin rabuwar kwanan nan, shi ya sa masana harshe ke ganin sun ware ne tun lokacin da sauran kare-karen harshen ke warewa. Suka yi arewa wajen Lake of the Woods da tafkin Winnipeg, suka ƙulla ƙawance da Cree. Da Ingilishi suka kafa kamfanin Hudson's Bay a 1670, Cree da Assiniboine suka zama dillalai tsakanin bakin teku da cikin ƙasa, bindiga ta shiga hannunsu da wuri, suka juya ta kan 'yan'uwansu na kudu. Henry Kelsey, yaron kamfanin, tare da su ya ratsa filayen Saskatchewan a 1690 zuwa 1692. Stoney suka ƙara nausawa yamma har gindin duwatsun Rocky a Alberta, harshensu ya yi nisan da ko Assiniboine ba ya jin sa sosai.

Yanzu batun kora, wanda a nan ne na fi saɓa wa abin da ka karanta. Duba jerin shekarun da kanka. Faransawa 'yan kasuwa Radisson da Groseilliers sun haɗu da Sioux a 1660, kuma tun a lokacin mutanen ɓauna Radisson ya kira su. Wani Bafaranshe, Du Lhut, ya isa babban ƙauyensu na Mille Lacs a watan Yulin 1679. A 1680 aka kai Fada Louis Hennepin can a kame, ya zauna watanni, kuma cikin ƙabilun da ya lissafa akwai Tinthonha, ya ce mutanen fili ne. Teton ke nan. A 1700 Bafaranshe Pierre-Charles Le Sueur ya kafa sansani a kogin Blue Earth kusa da Mankato ta yau, ya raba mutanen gida biyu, na gabas da na yamma. Ya ce na yamma sun fi tanti 1,000, ba sa amfani da kwalekwale, ba sa noma, ba sa tara shinkafar ruwa, suna yawo ne a filayen da ke tsakanin Misisipi da Misuri, farauta kaɗai ce abincinsu.

To yaushe aka yi yaƙin da ake cewa ya kore su? Daga 1679 zuwa 1736 Dakota da Ojibwe na bakin tafkin Superior ƙawaye ne. Suna auratayya, Ojibwe suna kawo kayan Faransawa, Dakota suna barinsu su yi farauta a ƙasarsu. Dakota ma neman Faransawa suke ido rufe: a 1695 wani shugabansu, Tiyoskate, ya bi Le Sueur har Montreal, ya ajiye kibiya 22 a gaban gwamna Frontenac, kowace kibiya ƙauye guda, yana roƙon a aiko musu da 'yan kasuwa da makaman ƙarfe. A can ya rasu bai komo gida ba. Abin da ya ɓata lamarin shi ne wani Bafaranshe, La Vérendrye, wanda ya kafa sansanoni a ƙasar Cree da Assiniboine yana sayar musu da bindigogi, har ya bar ɗansa ya bi su yaƙi. A watan Yunin 1736 mayaƙan Sioux suka kashe Faransawa 21 a wani tsibiri a Lake of the Woods, ciki har da ɗan nasa da Fada Aulneau. Ojibwe suka zaɓi ɓangaren Faransawa, aka shiga gaba ta fiye da shekara 100.

Labarin yaƙin Kathio, wanda aka ce a cikinsa Ojibwe suka ƙwace Mille Lacs wajen 1750, daga William Warren ya fito, marubuci mai jinin Ojibwe da ya tattara maganar dattawansu a farkon shekarun 1850. Ya ce maharan sun riƙa jefa ƙunshin albarushi ta kafar hayaƙin ɗakunan Dakota. Dakota da yawa ba su yarda an yi wannan yaƙi haka ba, suna cewa sun riga sun fara gangarawa kudu inda 'yan kasuwa da ɓauna suke. Ko ma an yi shi yadda Warren ya faɗa, Mdewakanton ya shafa, su kuma ba su je ko'ina mai nisa ba, sun koma bakin Misisipi da kogin Minnesota ne, suka zauna nan har bayan 1850. Lakota sun bar daji aƙalla shekara 50 kafin wannan. Ban ce matsin bindigar Cree da Assiniboine daga arewa bai taka rawa ba, ya taka, musamman kafin 1700. Amma wanda aka kora ba ya korar wasu a gabansa, su kuwa Lakota da Yankton haka suka yi ta yi. Omaha da Iowa da ke zaune a Blood Run a bakin kogin Big Sioux sun tashi sun yi kudu da yamma, Yankton suka riƙe mahaƙar jan dutsen da ake sassaƙa lofe da shi a Pipestone. Cheyenne, waɗanda su ma daga Minnesota suka fito, suna gaba ana biye da su. Masana tarihi irin su Richard White da Gary Clayton Anderson sun daɗe da nuna cewa abin da ya ja su ya fi abin da ya tura su: ɓauna, da kuma biba, wata dabbar ruwa da Turawa ke yin hula da gashinta, wadda fatarta ce kuɗin sayen bindiga.

Farkon tafiyar nan da ƙafa aka yi ta. Kare ne abin dako: a ɗaura masa sanduna biyu a kafaɗa, ƙarshensu na jan ƙasa, a ɗora kaya a tsakani. Tanti ba ya wuce abin da kare zai iya ja, tsoho da majinyaci kuma nauyi ne a kan kowa. Doki daga kudu ya zo, daga hannun Sifaniyawa, ƙabila ta miƙa wa ƙabila. An daɗe ana cewa bayan tawayen da mutanen Pueblo suka yi wa Sifaniyawa a 1680 ne ya bazu, amma wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2023, wanda masana 'yan Lakota suka sa hannu a ciki, ya gwada ƙasusuwan dawaki ya nuna sun kai filayen tsakiya da arewacin duwatsun Rocky tun farkon rabin ƙarni na 17. Lakota da ke can gabas sun samu nasu a makare, kaɗan-kaɗan.

A nan muna da rubutun su kansu, wanda suke kira waniyetu wowapi, lissafin hunturu. Kowane rukuni yana da mai riƙe da fata, kowace shekara dattawa su zaɓi abu ɗaya da ya faru, ya zana hotonsa, sunan shekarar ke nan. Ana daidaita shi da kalandar Turawa ta daren Nuwamban 1833 da taurari suka yi ta zubowa, domin kusan kowace fata ta zana shi. Daga nan sai a ƙirga baya. Lissafin Battiste Good, ɗan Sicangu, yana bin shekara-shekara tun daga 1700. A cikinsa 1708 zuwa 1709 ita ce shekarar da aka kawo dawakin Omaha gida, mai bi mata kuma ta dawakin Assiniboine. Doki abin a sa wa shekara suna ne a lokacin, ka ga bai yawaita ba. Shi ne kuma ya zana gobarar dajin 1762 zuwa 1763 da ta ƙone mutane a cinya, inda aka ce sunan Sicangu ya samo asali. Sai a rabin ƙarni na 18 na biyu Lakota suka zama mahaya na sosai.

Abin da ya ba su fifiko a kan kowa shi ne ba su yanke da gida ba. Duk bazara ana cin wata babbar kasuwa a bakin kogin James, a Dakota ta Kudu ta yau. Lakota su zo da dawaki da fatu da tantuna, Yanktonai da Sisseton su zo da bindigogi da tukwanen ƙarfe da tufa da suka saya a hannun 'yan kasuwar kogin Minnesota. Masu doki a yamma ba su da bindiga isasshiya, masu bindiga a gabas ba su da doki isasshe, Lakota suka haɗa biyun. Wannan ma wata hujja ce cewa bazuwa ce ba gudu ba: ƙarshen igiyar ɗaya yana Minnesota, ɗayan yana ta miƙewa.

Duk da haka kogin Misuri ya tsayar da su shekaru da yawa, ba don ruwansa ba, don mutanen da ke bakinsa. Arikara, Mandan da Hidatsa manoma ne masu manyan garuruwa da ganuwa da gwalalo, suna da yawa, suna da masara, su ne kuma kasuwar yankin. Lakota kan zo cin kasuwa, wani lokaci su kai hari, wasu ma sun zauna kusa da Arikara sun taɓa noma. Agana ce ta buɗe hanya. Annobar da ta tashi daga birnin Meksiko a 1779 ta biyo hanyar cinikin dawaki ta iso Misuri wajen 1781. Mutanen da ke cunkushe a gari ɗaya ta yi musu kaca-kaca. Jean-Baptiste Truteau, ɗan kasuwar da ya zauna da Arikara a 1795, ya rubuta cewa garuruwansu 32 ne a da, agana sau uku ta mayar da su biyu. Lakota ma ta taɓa su, lissafin hunturu ya zana mutum mai ɗigo-ɗigo a jiki shekara biyu a jere, amma da yake a warwatse suke cikin ƙananan rukunai, ɓarnar ba ta kai haka ba. Lokacin da Lewis da Clark, masu binciken ƙasa na gwamnatin Amurka, suka hau kogin a watan Satumban 1804, Sicangu ne suka tare su a bakin kogin Bad suna neman kuɗin wucewa, saura ƙiris a yi jini.

Sai Black Hills, waɗanda Lakota ke kira He Sapa, kimanin kilomita 800 daga Mille Lacs. Shekarar da ka gani ta fito ne daga lissafin hunturu na American Horse, ɗan Oglala, wanda ya sa wa 1775 zuwa 1776 sunan shekarar da Standing Bull ya je duwatsun ya komo da wani irin itace mai ganye kamar allura da bai taɓa gani ba. Zane ɗaya ne a fatar rukuni ɗaya, fassararsa kuma ta biyo ta bakin tafinta zuwa alƙalamin likitan soja. Ba ya nuna cewa babu wani Balakote ko kakansa da ya taɓa taka wurin kafin nan. Mafarauta da masu ziyara suna yin nisa fiye da inda iyali ke kafa tanti. Amma idan maganar mallaka da iko ce, hujjojin sun haɗu a kan cewa kafin ƙarshen ƙarni na 18 Kiowa, Crow, Arapaho da Cheyenne ne ke kewaye da duwatsun, kuma ikon Lakota a can ya tabbata ne daga wajen 1800 zuwa gaba.

Labarinsu na asali yana cewa mutane a ƙarƙashin ƙasa suke, Iktomi mai wayo ya yaudare su da nama da tufafi, Tokahe ya jagorance su suka fito ta kogon da iska ke hurowa daga bakinsa, wanda ake kira Wind Cave a yau. Ni ba na ɗora wannan a sikeli ɗaya da tsingaro. Magana ce kan dangantakar mutum da ɓauna da ƙasa, kuma a wurin masu ita addini ce. Abin lura shi ne tsarkin wuraren ya girmi zuwan kowace ƙabila da muka sani da suna. Masaniyar kayan tarihi Linea Sundstrom ta nuna cewa Bear Butte da dutsen Devils Tower da jan kwarin da ya zagaye duwatsun suna da labarai masu kama da juna a bakin Kiowa, Cheyenne, Arapaho da Lakota. Wanda ya zo ya tarar da na gabansa, suka yi aure, suka yi ibada tare, ya gaji wurin da labarinsa. Su kuma malaman Lakota na Jami'ar Sinte Gleska suna kafa hujja da ilmin taurarinsu, wanda ke haɗa wasu taurari da wasu wurare a duwatsun, cewa sanin da suka yi wa wurin tsoho ne ƙwarai.

Ka kuma san dalilin da ya sa ake yawan jefa wannan 1776 ɗin a muhawara. Ana so ne a ce tunda su ma baƙi ne, ƙwacewar da Amurka ta yi ba laifi ba ce. Lakota na ƙarni na 19 ba su ɓoye cewa da yaƙi suka samu wasu ƙasashen ba. A taron Fort Laramie na 1851, da ake gardamar iyaka a kogin Platte, wani Ba'oglale mai suna Black Hawk ya faɗa wa wakilan gwamnati ƙarara cewa ƙasar ta Kiowa da Crow ce a da, suka doke su suka karɓa, kamar dai yadda Turawa ke yi idan suna son ƙasar wasu. Amma haƙƙinsu a shari'a bai rataya a kan shekarar zuwa ba. Ya rataya ne a kan yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868, wadda Amurka ta sa wa hannu ta amince duwatsun nasu ne, kuma ba za a karɓi wani yanki ba sai da yardar kashi uku cikin huɗu na mazajensu baligai. Ayarin Custer, hafsan sojan Amurka, ya tabbatar da akwai zinariya a 1874, majalisar dokokin Amurka ta ƙwace wurin a 1877 da sa hannun kusan kashi ɗaya cikin goma. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa an karɓi ƙasar ba tare da biyan haƙƙi ba, ta tabbatar da diyyar da ta haura dala miliyan 100. Sioux sun ƙi karɓa, suka ce ƙasar suke so, kuɗin kuma yana ajiye a asusun gwamnati, ya haura dala biliyan 1.